Uwar Hayaƙi da Farin Mayafinta

Yaya, ranar Talata sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi abinSa. Kin cika a ɗakin masu ciwon ƙirji na babban asibiti, mijinki yana riƙe da hannunki na dama, ni ina riƙe da na hagu, robar iska tana kan hancinki tana ta huci ita kaɗai bayan ke kin daina. Daga wurin Allah muka fito, wurinSa kuma za mu koma, ke dai kin riga mu. Likita ya ce huhunki irin na wanda ya shekara arba'in yana zuƙar taba ne, ke da ko hayaƙin ashana ba kya so. Da na fito daga asibitin, abin da idona ya fara faɗawa a kai shi ne ƙaton allon nan na bakin shataletale, wanda majalisar birni ke sanar da mutane lafiyar iskar da suke shaƙa. Kore ne shar. A ƙasa an rubuta cewa iskar yau mai kyau ce, yara da tsofaffi suna iya fita su sha.

Na so in rubuta miki ta'aziyya mai laushi, irin wadda ake karantawa a share hawaye a ninke. Sai na ga abin da suka buga a kanki a jarida, su waɗanda suka yi shekaru suna kashe miki lasifika kina tsakar magana. Wai ke uwa ce ga birni, wai sun yi rashin da ba za su iya mayarwa ba. Ni ƙanwarki ce, autar ɗakinmu, malamar firamare, ban iya irin wannan ba. Zan faɗi abin da na gani, wanda ya ji zafi ya san dalili.

Babanmu mai zuba kwal ne a tanderun kamfanin narka ƙarfe. In ya dawo gida ido kawai ake gani a fuskarsa. Innarmu tana ajiye masa gwangwani a gefen gado saboda kaki, kakin kuma baƙi ƙirin. Ranar da ya rasu kamfanin ya aiko wani akawu mai tsabtar farce ya zauna a tabarmarmu, ya ce mu yi haƙuri, ciwon gado ne. Kina ajin ƙarshe a sakandare a lokacin, ina goye a bayanki duk da na yi girman goyo. Kika ce da shi, “Gadon wa? Kakanmu da fartanya a hannu ya tsufa, ko tari ban taɓa jin ya yi ba.” Akawu ya dubi Inna ya ce wannan yarinya ba ta da kunya. Inna ba ta tsawata miki ba. Da kika zama lauya, ita ce ta saya miki farin mayafi mai laushi, ta ce ki riƙa sakawa in za ki tsaya gaban manya.

Lokacin da kika kama aiki a ofishin shari'a na majalisar birni, babu wata doka a kan hayaƙi, ban da wani tsohon layi cikin dokokin duba-gari da ya hana ƙona shara kusa da gidajen manyan ma'aikata. Mutane ma suna ganin hayaƙi alamar arziki ce. In bututun kamfani ya turnuƙe sai a ce gari ya ci gaba. Ke kika zauna kika rubuta dokar farko, dokar baƙin hayaƙi, kika yi ta bin kansiloli ofis-ofis har suka gaji da ganinki suka sa hannu. A nan suka raɗa miki Uwar Hayaƙi don su ba ki haushi. Kika ce ai gara uwa da 'yar aiki, kika karɓi sunan. Har yaran unguwa da shi suke gaishe ki.

Ga yadda dokar take aiki. An ɗauki masu duba hayaƙi, aka ba kowanne kati mai gida-gida, daga fari zuwa ruwan toka zuwa baƙi. Mutum zai tsaya a titi, ya miƙa hannu da katin, ya kanne ido ɗaya, ya gwada hayaƙin bututu da gidajen katin. In duhun hayaƙin ya wuce gidan tsakiya, sai tara. Masu kamfani ba su ɗauki lokaci ba suka gano cewa doka launi take kallo. Suka jona bututun tururi a gindin na hayaƙi, hayaƙi ya fito fari fat, dafinsa yana nan yadda yake. Masu duban su ma suka yi nasu binciken, suka gano cewa in mutum ya leƙa hayaƙi ta tagar ofishin manaja, ana zuba masa shayi, yakan yi haske sosai. Na san ɗaya daga cikinsu da ya yi ritaya katinsa sabo dal, bai taɓa ganin rana ba.

Doka ta biyu ita ce ta ci miki rai. An kawo wani masani daga waje, ya yi kwanaki a otal, ya ce maganin abin shi ne a ɗaga bututu ya yi tsawo, iska ta kwashe hayaƙi ta yi gaba da shi. Kika yarda, kika rubuta dokar dogon bututu da hannunki. Bututu ya yi tsawo kuwa. Hayaƙi ya tsallake unguwar tudu, inda kansiloli da masu kamfani suke zaune cikin itatuwa, ya je ya sauka a unguwar gangare ta bakin kogi, inda lebura da mai wanki da makarantar da nake koyarwa suke. A tudu aka yi walima, aka ba ki lambar yabo. Ni kuma na zo gidanki na ce ki zo ki ga ajina. Kika zo, kika shafa yatsa a kan tebur ya fito baƙi, kika tsaya kina sauraron yara suna karatu, rabin karatun tari. Muka fito waje. Kika ce, “Auta, ni na turo musu wannan.” Kafin wata ya mutu kin bar gidan ma'aikata na tudu kin kama haya a gangare, layi ɗaya da makaranta. 'Yan'uwa suka ce kin haukace. Kika ce wanda ya rubuta doka shi ya kamata ya fara shaƙarta.

Mijinki, bawan Allah, ko musu bai yi ba. Ya kwashe kantin maganinsa ya biyo ki. Mutum ne da in ya yi magana sau biyu a yini sai a ce yau ya cika surutu, amma shi ya taɓa ce mini bai taɓa jin kunyar ciniki ba sai da ya ga maganin fuka ya fi komai tafiya a kantinsa. Shi ne kuma mai tsokanarki. Girki dai kin san ba ki iya ba, kina ɗora tukunya ki buɗe littafin doka ki manta da ita. In ƙauri ya cika gida sai ya leƙo ya ce, “Lauya, wannan bututun na kicin a gida na nawa yake a kati?” Ki jefe shi da tsumma kina dariya. Ina tuna wannan dariyar fiye da duk jawaban da kika yi.

Tun daga dawowarki gangare farin mayafin Inna ya sami sabon aiki. Duk ranar da majalisa za ta zauna a kan maganar hayaƙi, sai ki wanke shi ki shanya a igiyar tsakar gida, ki bar shi ya yini. Washegari ki ninke shi ki tafi da shi zauren majalisa, ki shimfiɗa a kan teburin shugaba, da ɗigon kunkunniya a jikinsa ko'ina. Ba kya ƙara komai, sai dai ki ce, “Wankin jiya ne.” Wasu su kau da kai, wasu su yi dariya, wani ya taɓa cewa ki canza sabulu. In kin dawo ki sake wanke shi, ki shanya a ɗaki. Na tambaye ki yaushe za ki daina wannan wahala. Kika ce ranar da kika shanya shi a waje kika ɗauke shi fari, ranar kin gama aikinki.

Ba a majalisa kaɗai kika yi aikin ba. Tsohuwar motarki ita ce motar asibitin layinmu. In fuka ta tashi wa yaro, uwarsa ba ta neman kowa sai ta buga ƙofarki, ki fito ko takalmi ba ki gama sakawa ba. Kin san wane likita ne yake da hannu, wace nas ce ke da faɗa, kuma kin fi nas ɗin faɗa. Wata mai wanki ta ce mini ranar da 'yarta ta shiɗe, ke kika ɗauke ta a kafaɗa kika haura bene da ita, kina haki, ashe ke ma naki ƙirjin ya fara. Halinki ba mai sauƙi ba ne, Yaya, wannan ba zan ɓoye ba. Kina da taurin kai, kina katse mutum, in kin raina hujja a fuskarki ake gani. Amma ban taɓa ganin kin raina talaka ba.

Doka ta uku ta motoci ce da tanderu da ƙona taya. Ke kin rubuta ta don kowa. Su kuma suka karanta ta don ƙanana. Aka bi masu gasa burodi ana liƙe musu tanderu, aka bi maƙera, aka kama tsofaffin motocin haya ana jera su a harabar ofis. Makanikai kuwa suka buɗe sabuwar sana'a a bakin wurin gwaji: su ɗaura maka sabuwar salansa ka shiga a gwada, ka fito su kwance abarsu su ɗaura wa na bayanka. Salansa ɗaya ta ci jarabawa a jikin motocin rabin gari. Kamfanin narka ƙarfe da na siminti su kuma aka ba su izinin wucin gadi, wai kafin su samo matatar hayaƙi, wato abin da ake sakawa a bakin bututu ya tare dafin. Mai kamfanin ƙarfe, ɗan wanda Baba ya yi wa aiki, yakan zo majalisa kowace shekara ya yi fuskar tausayi ya ce matatar ba ta samuwa, in an tilasta masa sai dai ya sallami ma'aikata. A sabunta masa. Wucin gadin nan ya girmi wasu malaman makarantarmu. Ke kuma kika koma kotu kina kare mai burodin layinmu daga dokar da kika rubuta, har aka buɗe masa tanderunsa.

Sai doka ta huɗu, wadda kika ce ita ce ta ƙarshe. Kin gaji da ido da kati da mai shan shayi. Kika ce a sayo na'ura mai auna iska, wadda ba ta da aljihu kuma ba ta da suruki. In iska lafiya ta nuna kore, in ta fara lalacewa ruwan ɗorawa, in ta kai ga cutarwa ja. Kika saka wani sashe a ciki da ya ce muddin na'urar birni ta nuna ja, dole a kashe duk wani tanderun kamfani da ba shi da matata har sai ta sauka, izinin wucin gadi bai hana ba, kuma kowane mazaunin birni yana iya zuwa kotu ya nemi a yi hakan. Na ɗauka za a yi yaƙi a kan wannan sashe. Ko tari ba su yi ba, suka ɗaga hannu gaba ɗaya. Kin dawo gida da murna, har kika ƙona girki sau biyu.

Dalilin sauƙin ya fito daga baya. Doka ta ce a sayi na'ura, ba ta ce ga inda za a kafa ta ba. Suka kai ta lambun majalisa, can ƙololuwar tudu, tsakanin itatuwa da furanni, a gefen da iska ke fitowa kafin ta isa kamfani. Aka yi mata rumfa, aka sa mai lambu ya riƙa yayyafa ruwa kewaye da ita kullum da safe don kada ƙura ta dame ta. Na'urar nan ta fi duk wani ɗan gangare jin daɗin duniya. Tun da aka kafa ta ba ta taɓa nuna wani launi ba sai kore, kuma shi ake haskawa a allon shataletale, shi ake bugawa a rahoton shekara, da shi birni ya ci kyautar tsabta. Darektan ofishin muhalli ne ya zaɓi wurin. Ke kika koya masa aiki, a teburinki ya fara sanin yadda ake rubuta sakin layi. Da kika tare shi, sai ya ce na'ura ce mai tsada, hayaƙi zai iya lalata ta.

Daga nan buƙatarki ta zama ɗaya tak: a ɗauke na'urar daga lambu a ɗora ta a kan rufin makarantarmu. Sai suka yi miki ritaya, da agogon bango da jawabi. Kika koma kujerar 'yan kallo, da mayafinki a jaka, kina ɗaga hannu a kowane zama. Shugaban majalisa na yanzu, wanda gari ya sani da Za-a-duba domin ita ce amsarsa ko da gaishe shi aka yi, yakan bar ki ki fara, ya dubi agogo, ya yi wa mai lasifika alama. A shekarun ƙarshe ba sai sun kashe miki ba ma, numfashin ne ba ya kai ki ƙarshen jimla. Na ga wasu kansiloli suna kwaikwayon hakinki a baranda. Ɗaya daga cikinsu shi ne ya fi kowa kuka a jarida.

A asibiti, ana gobe za ki rasu, kika cire robar daga hancinki kika ce da mijinki, “Kada ka bari su sa sunana a lambun nan.” Kin san su sarai. Ya ce to.

Sun zo gaisuwa kuwa, jerin motoci har bakin kogi, da masu ɗaukar hoto a gaba. Yawancinsu ranar suka fara taka gangare. Mijinki ya sa aka jera musu kujeru a tsakar gida, ƙarƙashin igiyar shanyarki, bai kai su ɗaki ba. Sun sha fararen kaya, an goge an kafe. Ba a gama addu'a ba na ga kunkunniya ta fara sauka a kafaɗunsu, suna kaɗewa tana shafewa. Darekta ya zaro ƙyallen rufe hanci, ya ga kyamara, ya mayar aljihu. Mai kamfanin ƙarfe yana ta duban sama kamar bai san daga bututun wa kunkunniyar take saukowa ba. Mutanen unguwa sun cika ƙofa da kan katanga.

Za-a-duba ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce ke haske ce, ke gwarzuwa ce, kullum yana amfana da shawararki. Sannan ya sanar cewa majalisa ta yanke shawarar raɗa wa na'urar auna iska sunanki, har an buga allo, kuma duk abin da iyali suke so a yi don tunawa da ke, su faɗa yanzu a gaban jama'a. Na yunƙura zan yi magana, mijinki ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, mun gode. Abu ɗaya ne. Tun da za ta ɗauki sunanta, a kawo ta inda ta zauna. Ga rufin makaranta can.”

Na ga bakin shugaba ya fara haɗa kalmarsa ta kullum. Sai ya dubi kyamarori, ya dubi mutanen kan katanga, ya tuna zaɓe ya kusa. Darekta yana jan gefen rigarsa, shi kuma ya fizge. Ya ce, “Wannan ai ƙaramin abu ne. An ba ku. Iskar birninmu ba ta da abin ɓoyewa, shekara da shekaru kore take nunawa.”

Yaya, a nan na gane abin da ke kika rasu ba ki gane ba. Mun ɗauka ƙarya yake yi mana. Ashe mutumin nan ya yarda da allonsa. Kullum yana wucewa ta shataletale cikin mota mai sanyi, gilashi a rufe, ya ga kore, har abin ya zauna masa. Yana tsaye kunkunniya na zuba a hularsa, amma bai haɗa ta da na'ura ba. Sashen da kika rubuta kuwa ya manta da shi, in ma ya taɓa karantawa. Su suka shirya ƙaryar don mu, shi ya fara haɗiye ta.

Cikin makon aka kawo ta, don shugaba yana so a yi bikin kafin hotunan gaisuwa su huce. Aka ɗora ta a rufin ajina, da allon sunanki da zare mai kyau. Ya yanka, aka tafa, aka kunna. Ta nuna kore na ɗan lokaci, ina jin sauran iskar lambu ce a cikinta. Sai ruwan ɗorawa. Mai ɗaukar hoto bai gama gyara tsayuwa ba ta koma ja, ta tsaya a nan. A karo na farko allon shataletale ya yi ja, masu mota suna tsayawa suna kallo. Za-a-duba ya juya ya tambayi darekta ko an jona waya daidai. Darekta ya ce za a duba.

Da la'asar suka turo ma'aikata da tsani, wai na'ura ta sami matsala za a kai ta gyara. Suka tarar da matan layi zaune a ƙofar makaranta, mai wankin nan a gaba, ga mai burodi ya tare hanya da amalankensa. Ba a yi faɗa ba. An dai ce musu makaranta ta tashi, su dawo da takardar kotu. Mijinki ya riga su zuwa kotun, tare da wasu lauyoyi mata biyu da kika horar, waɗanda ba su bi hanyar darekta ba. Alkali ya karanta sashen, ya ce bai ga abin fassara a ciki ba. Ya hana a taɓa na'urar, ya ba da umarni a kashe tanderu.

Mai kamfanin ƙarfe ya yi rantsuwa, ya yi barazana, ya ce zai rufe ya bar gari. Da ya ga tanderu ya huce da gaske, sai ga matatar hayaƙi ta samu. Ba daga waje aka kawo ta ba. Tana cikin sito a bayan kamfaninsa, a cikin akwatunanta, tun wata shekara da ya sayo ta don a ɗauke shi hoto da baƙi. Ma'aikatansa ne suka faɗa, su da aka ce za a sallama, su ne yanzu suke ɗaura ta. Abin da ya hana shi sakawa, wai tana shan wuta. Saboda kuɗin wuta aka binne yaran da na koya wa baƙi da wasali, saboda shi kika ƙare da roba a hanci. Ina so ya karanta wannan layin, ko a karanta masa.

Majalisa kuma ta fitar da sanarwa cewa mayar da na'ura gangare tsohon shirinta ne, tun tuni yana kan tebur. Ban yi mamaki ba. Abin da ke ci mini rai shi ne kin roƙe su wannan abu kina da rai, da hujja, da ladabi, da mayafi a kan tebur, suka yi miki dariya. Sai da gawarki ta jawo kyamara suka ba da shi cikin minti ɗaya. Ban gode musu ba, kuma ba zan gode ba. Na san kuma ba su haƙura ba, an ce sun ɗaukaka ƙara, an ce ana neman kwamitin da zai sake duba sashen. Su duba. Matan layi sun raba wa kansu zaman ƙofar makaranta, ni ma ina da ranata.

Ranar da bututun kamfani ya cika kwana biyu shiru, na je gidanki da safe. Na tarar da mijinki a tsugune gaban bokiti, hannun riga a naɗe, yana wanke farin mayafinki. Na ce ya kawo in yi, ya girgiza kai. Ya matse shi, ya shanya a igiyar tsakar gida, ya sa maƙali biyu yadda kike yi. Muka zauna, bai buɗe kanti ba, ni ma ban koma aji ba. Da rana ta yi sanyi ya tashi ya sauke shi, ya buɗe shi a gaban haske, ya juya gaba ya juya baya, yana neman ɗigo. Ya daɗe yana nema. Sannan ya ninke shi ya rungume a ƙirji ya ce, “Lauya, kin gama aikinki.” Tun rasuwarki ban ga hawayensa ba sai a lokacin.

Ina miƙa ta'aziyyata gare shi, wannan mutum mai haƙuri da ya bi ki cikin hayaƙi bai taɓa yi miki gori ba. Ina yi wa 'ya'yanki da jikokinki, da 'yan'uwanmu, da lauyoyin da kika rena da hannunki, da mutanen gangare kaf, waɗanda su ne suka yi rashin uwa na gaskiya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Waɗanda suka zo da kyamara kuwa, Allah Ya shirye su, Ya kuma ba su tsawon ran da za su shaƙi abin da suka sa wa hannu.

Allah Ya jiƙanki, Yaya. Ya gafarta miki kurakuranki, har da dogon bututun da kika kasa yafe wa kanki. Ya karɓi kowane hawa bene da kika yi da ɗan wani a kafaɗa, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Ya haɗa ki da Baba da Inna a gidan da babu tari. Allah Ya sa numfashin da ya gagare ki a nan ki same shi a Aljanna, cikakke, mai sanyi. Mayafin yana wurin mijinki, fari, yadda Inna ta ba ki shi. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.